Shin marubutan Jos masu doguwar jinya su ware nasu zauren?

Baban Ilham, Anguwar Rogo:
Assalamu alaikum, 'yan uwa marubuta. Ina neman izinin shugabanni in gabatar da wata shawara da na daɗe ina juya ta a raina. A cikinmu akwai waɗanda ke rayuwa da ciwon da ba a rabuwa da shi, sai dai a lallaɓa shi: masu amosanin jini, wato sikila, masu ciwon suga irina, masu ciwon ƙoda, masu asma, da wasu da ba su taɓa faɗa wa kowa abin da ke damunsu ba. Shawarata ita ce irin waɗannan marubuta su kafa wani ƙaramin rukuni nasu a nan Jos, ba don su rabu da sauran 'yan uwa ba, sai don akwai buƙatun da babban zaure ba ya iya biya musu.

Al'adarmu ta dubiya abu ce mai kyau, kuma addini ya sanya ta cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan uwansa, amma an gina ta ne a kan ciwon da ke da farko da ƙarshe. Mutum ya kwanta, a cika masa ɗaki da lemo da ayaba, a yi masa fatan ƙarin sauƙi, bayan ɗan lokaci ya miƙe ko kuma rai ya yi halinsa. Wanda zai kwanta bana, ya kwanta baɗi, ya sake kwanciya baɗin baɗaɗa, shi ne ba mu tanadar wa komai ba. A kwanciyar farko kowa zai zo, a ta biyu sai aminai, daga nan sai saƙon waya, daga nan kuma shiru. Ba mugunta ce ke jawo haka ba, domin kowa yana da hidimar gabansa, kuma shi kansa majinyacin yakan fara jin nauyin sanar da mutane. Sai dai abin da marubuci ke rasawa a cikin wannan shiru ya wuce gaisuwa, domin yana rasa wanda zai karanta abin da ya rubuta ya ce masa nan ka dace, nan kuma ka kauce.

Maman Hanifa, Gangare:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri, Baban Ilham, da ka buɗe wannan magana. Ni mai sikila ce, kuma da yawanku kun san cewa a WhatsApp nake sakin labaraina, shafi bayan shafi, masu karatu su biya kafin a saka su cikin rukunin da ake turawa. Wannan tsari ya samar wa mata da yawa abin hannu ba tare da sun je neman mai ɗab'i ba, amma tsari ne da bai san da zaman rashin lafiya ba. Wadda ta biya kuɗinta tana jiran shafinta kullum bayan sallar isha'i, kuma tana da gaskiyarta. Ni kuwa idan ciwo ya tashi, yatsun da nake bugawa da su ma ba na iya lanƙwasa su, balle in riƙe waya in tuna inda na bar jarumar labari.

Bari in ɗan yi wa waɗanda ba su sani ba bayani, domin sau da yawa ana ɗaukar gajiyarmu a matsayin lalaci. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kimanin kwana 120 kafin ta mutu, tamu kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 ne, shi ya sa kullum muke cikin ƙarancin jini ko da ciwon bai tashi ba. Sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da zazzaɓin cizon sauro, da damuwa, duk suna tayar da shi. To ga mu a Jos, garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda hunturun Disamba da Janairu ba ya wasa. Saboda haka na koyi yin rubutuna da yawa a watannin da gari ya yi ɗumi, in ajiye, in riƙa tsakurowa a lokacin sanyi.

Abin da ya fi ciwon kansa ɓata mini rai shi ne in farfaɗo in buɗe waya in tarar ana cewa an ci kuɗin mutane an gudu, ko kuma marubuciya ta fara jan aji. Wadda ta cece ni daga wannan wata 'yar uwa ce marubuciya mai irin lalurata. Ita ke riƙe da shafukan da ban saki ba, ni ma ina riƙe da nata. Idan ta ga ban leƙo ba har la'asar, ba ta tambayata dalili, sai ta saki shafin ranar da sunana, ta rubuta wa masu karatu layi biyu na ban haƙuri. Ban taɓa zama na yi mata bayanin yadda zafin yake ba, kuma wannan hutun yin bayani shi ne abin da ban samu a wajen kowa ba, har da 'yan ɗakinmu.

Malam Na-Bukuru:
Allah ya ba ku lafiya baki ɗaya. Na karanta da natsuwa, kuma ina ganin akwai inda za a yi hattara. Mu da muka manyanta an raine mu a kan cewa ciwo jarrabawa ce da ake ɗauka da haƙuri, ana kai kukanta ga Allah, ba a baza ta a faifai. Idan aka tara mutane goma waɗanda abin da ya haɗa su shi ne ciwo, ina tsoron kada zaman ya koma na jajantawa, kowa ya tashi zuciyarsa ta fi yadda ya zo da ita nauyi, alƙalami kuma ya bushe.

Abu na biyu ya fi damuna. Da zarar an san marubuci da ciwo, an daina yi masa hukunci na gaskiya. Za a ce waƙarsa ta yi daɗi alhali karinta ya karye, don kawai kada a ƙara masa damuwa. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana ƙarami, amma babu wanda ya taɓa haddace waƙarsa ta Imfiraji don tausayinsa. Ƙarfin baitocin ne ya kai su inda suka kai, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ina so a bar 'ya'yanmu su tsaya a sahu ɗaya da kowa, a auna su da mudu ɗaya.

Anti Ladi, Tudun Wada:
Baba, ranka ya daɗe, maganarka ta biyu gaskiya ce tsantsa, sai dai ni ita ce ma hujjata ta goyon bayan Baban Ilham. Ina fama da amosanin gaɓoɓi, irin wanda ke sandarar da yatsu da safe har sai rana ta ɗaga kafin in iya ɓalle maɓallin riga. Na taɓa karanta wani wasan kwaikwayo da na rubuta a gaban masu lafiya, na shiga da sanda ina ɗingishi, aka yi ta tafi, kowa yana cewa na yi ƙoƙari. Da na aika wa wani ɗan uwa da ke zuwa wankin ƙoda, sai ya karanta shi a kan gadon asibiti, tunda zama ne na kusan awa huɗu kuma ba shi da abin yi, ya turo mini saƙon murya ya ce fitowa ta biyu ba ta da rai, kuma uwar da ke cikin wasan tana magana ne da bakin marubuciya ba da bakinta ba. Shi bai ga dalilin tausaya mini ba, domin nasa ya fi nawa. Tausayin da kake tsoro, Baba, a wajen masu lafiya muke samunsa.

Game da Namangi kuwa, ina ganin misalin yana tare da mu. Shi makaho ne, bai rubuta baitocinsa da hannunsa ba. Akwai waɗanda suka zauna a gabansa suka rubuta, akwai makafin da suka haddace suna rerawa gari gari, akwai waɗanda suka kai ga maɗaba'a. Hazaƙar tasa ce, amma jama'a ce ta ɗauke ta. A Amurka ma akwai marubuciya Flannery O'Connor, wadda ciwon lufus, wato ciwon da garkuwar jiki ke far wa jikin mai shi, ya mayar da ita gonar mahaifiyarta a jihar Jojiya har ta rasu a 1964 tana da shekara 39. Ba ta iya yawon tarurruka yadda take so ba, amma wasiƙun da take musaya da sauran marubuta da masu karatu sun yi yawan da bayan rasuwarta aka tattara su aka yi littafi guda. Ba ta rubuta labaranta don a ji tausayinta ba, kuma ba ta rubuta su cikin kaɗaici ba.

Hajiya shugabar zaure:
Wata ƙanwarmu ta turo mini wannan saƙo ta bayan fage, ta roƙi in saka shi ba tare da sunanta ba. Ga shi kamar yadda ta rubuto:

"Iyayena da yayyena, ina gaishe ku. Ni ciwon farfaɗiya nake da shi, kuma ban da iyayena da likitana babu wanda ya sani, har a cikin wannan zaure da na daɗe a ciki. Masu sikila da masu ciwon suga suna iya faɗa a tausaya musu, ni kuwa idan na faɗa, wasu za su ce aljanu ne, wasu su daina cin abinci a kwano ɗaya da ni saboda sun yi imani ana ɗauka ta yawu, alhali ba a ɗauka. Ban yi aure ba, kuma kun san yadda magana ke yawo a unguwa. Wannan ne ya sa ba na zuwa taron karatu, ba girman kai ba ne kamar yadda na ji an taɓa faɗa. Ina tsoron in faɗi a gaban mutane ne. Ina son irin zumuncin da Anti Maman Hanifa ta bayyana, har na yi hawaye da na karanta, amma idan shiga rukunin na nufin kowa ya san sunana da ciwona, to ba zan iya ba. Wace kariya za ku ba irina? Hoton allo ɗaya ya isa ya rushe mini komai."

Malam Nas, Farin Gada:
Ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya, kuma kin yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Ni ma'aikacin jinya ne da ke ɗan taɓa rubutu, kuma abin da zan fara cewa shi ne babu wata manhaja da za ta hana a ɗauki hoton allo. Kariyar da ke akwai ita ce rukunin ya zama ƙarami ƙwarai, kada a shigar da kowa sai da shaidar wanda ke ciki, kuma kada a taɓa tilasta wa mutum faɗin sunan ciwonsa. Ya isa mutum ya ce yana da lalura mai dogon zango.

Tunda kin ambaci tsoron faɗuwa a taro, bari kowa ya ji: idan farfaɗiya ta kama mutum ba a cusa masa cokali a baki, ba a danne shi, ba a ɗura masa ruwa ko manja. A janye abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai taushi a ƙarƙashin kansa, idan jijjigar ta lafa a kwantar da shi a gefensa, idan kuma ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Da duk marubutan garin nan sun san wannan, da tsoronki ya ragu da rabi. Sannan ke da kanki ki kula da al'adarmu ta raba dare ana rubutu, domin rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon.

Ina da gargaɗi ɗaya ga rukunin da ake shirin kafawa. Duk inda masu doguwar jinya suka taru, masu tallar magani sukan biyo su, kuma ba baƙi kaɗai ba, har da 'yan uwa masu kyakkyawar niyya da za su ce wane ya sha kaza ya warke. Na ga mai ciwon suga da ya ajiye allurarsa saboda irin wannan shawara aka kawo shi a sume. A rubuta a cikin ƙa'ida tun ranar farko cewa ba a ba da magani a rukunin, ba a kuma ce wa kowa ya bar na likitansa. Dabarun zaman yau da kullum kuwa a yi ta musayarsu, kamar yadda ake adana insulin, wato allurar masu ciwon suga, a cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi idan babu wuta, ko yadda mai ciwon yatsu zai riƙa faɗar labarinsa da baki wani ya buga masa.

Ɗan Dilimi:
Ni lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi, sana'ata buga rubutu da tace shi, kuma ina so in taɓo abin da kowa ke kewayewa, wato kuɗi. Na ga zauruka da dama da aka buɗe da kyakkyawar manufa suka mutu a kan neman taimako. Yau a saka lambar asusun wane, gobe ta wance, masu bayarwa su gaji, wanda ba a tara wa da yawa ba ya ji an nuna masa bambanci. Ba ina cewa kada a taimaka ba ne, domin wanda ake yi wa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ba ƙaramin nauyi ke kansa ba. Ina cewa ne a raba hanya: rukunin rubutu ya tsaya a kan rubutu, taimakon kuɗi kuma a yi masa wani tsari daban mai amintattu biyu ko uku da ke bayar da lissafi.

Akwai taimakon da ba ya zubar da mutuncin kowa, kuma magabatanmu sun yi shi. Ƙungiyoyin marubuta na Kano irin su Raina Kama da Kukan Kurciya sun yi ƙarfi ne da tallafa wa juna a kan aiki, wannan ya tallata littafin wancan, sunan ƙungiya ya jawo wa sabon marubuci masu saye. Ni a nawa ɓangaren na ɗauki alkawarin buga saƙonnin murya na duk wanda hannunsa ya gaza, kyauta, matuƙar bai wuce shafi goma a mako ba. Kuma lokacin da aka buɗe gasa irin Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata da BBC Hausa ta fara a 2016, a riƙa tuna wa 'yan uwa mata da wuri, domin mai irin wannan lalura ba ta isa ta bar aiki sai makon ƙarshe ba. Ba ta san a inda makon zai same ta ba.

Hajiya shugabar zaure:
Na gode, ƙanena. Ni abin da ke raina shi ne batun haɗuwa ido da ido. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, to yaya za a yi da wanda ƙafar ce ba ta zuwa? Tarurrukanmu duka an tsara su ne a kan mai lafiya: ɗaki a saman bene, zama daga hantsi har magariba, abinci sai an tashi, wanda hakan kaɗai ya isa ya kayar da mai ciwon suga. Manyan tarurruka kuma, irin na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya da ke da ƙauyen marubuta a Mpape ta Abuja, sai an sha doguwar tafiya a mota kafin a kai.

Muna da abin koyi a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta ga cewa matan karkara da yawa ba za su iya barin gidajensu su zo gare ta ba, sai ta naɗa jajoji, mata dattijai da ke zuwa su karɓi waƙoƙi da karatu su koma da su ga waɗanda ke gida. Tsarin 'Yan Taru ke nan, kuma bai tsaya jiran kowa ta samu sukunin fitowa ba. Shawarata ita ce karatun wata-wata ya riƙa zagayawa gidajen waɗanda ba sa iya fita, mutum huɗu ko biyar kawai, na awa ɗaya da rabi, kuma a shiga da takarda a hannu a matsayin masu karatu. Mai gida kada ta dafa komai, kada ta share tsakar gida dominmu, kuma tana da ikon sokewa da safiyar ranar ba tare da ta ba da haƙuri ba.

Malam Na-Bukuru:
Ladi, 'yata, kin ba ni amsa mai nauyi, kuma tsarin Hajiya ya kwanta mini, domin ya sa aiki a gaba da ciwo. Idan haka ne zan ba da falona na ƙasa, ba shi da matakala. Amma ina nan a kan bakana a abu ɗaya: kada rukunin ya zama dalilin da za a riƙa matsa wa mutum ya yi rubutu a kan ciwonsa. Na lura duk ranar 19 ga Yuni, ranar masu sikila ta duniya, ake tunawa da marubutanmu masu wannan lalura, a ce su kawo waƙa, sauran kwanakin shekara kuma babu mai gayyatarsu. Wanda ke son rubuta soyayya ko barkwanci ko tarihin haƙar kuza a Filato, a bar shi ya rubuta.

Maman Hanifa, Gangare:
Baba, wannan kam na yarda da kai ɗari bisa ɗari. A ƙasar da ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a kowace shekara, wayar da kai a kan gwajin jini kafin aure wajibi ne, kuma nakan yi, amma ba shi ne kaɗai abin da ke cikin kaina ba.

Akwai kuma maganar da ba mu so mu yi, alhali dole ce. Rukuni irin wannan zai riƙa rasa mutane fiye da sauran rukunoni, ko da yake ajali ba ya tambayar mai lafiya ko maras lafiya. Yawancinmu duk abin da muka rubuta yana cikin waya ne mai makulli, kuma iyalanmu ba su san lambar ba, wasu ma ba su san darajar abin da ke ciki ba, sai a goge wayar a sayar. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare rubutun adabi har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, wato dukiya ce ta magada kamar kowace dukiya, amma sai idan rubutun ya tsira. Ina ba da shawarar kowa ya zaɓi amini ɗaya da zai riƙa ajiye masa kwafi, ya kuma rubuta a takarda, da shaidu, abin da yake so a yi da labarin da bai ƙarasa ba: a ƙarasa masa, ko a bar shi yadda yake, ko a mayar wa masu karatu kuɗinsu. Ni na rubuta tawa, kuma na ce a mayar da kuɗin, domin ba na son in tafi da haƙƙin kowa.

Baban Walid, Nasarawa:
Ku gafarce ni, ban taɓa magana a nan ba. Ni ba ni da ciwo, matata ce ake yi wa wankin ƙoda, kuma ita ba ta rubutu, ni ne nake yi, ko in ce nake yi a da, domin tun da jinyar ta fara ban kammala ko gajeren labari ɗaya ba. Ranakun asibiti nawa ne, dararen rashin barci nawa ne, kuma abokan rubutuna sun daina kirana kamar yadda Baban Ilham ya bayyana. Ina tambaya ko irina yana da wuri a wannan rukuni.

Anti Ladi, Tudun Wada:
Ɗan uwa, Allah ya ba mai ɗakinka sauƙi, ya ƙara maka ƙarfin zuciya. Zuciyata tana cewa ka shigo, amma akwai abubuwan da majinyaci ke faɗa a kan masu jinyarsa waɗanda ba zai iya furtawa a gaban mai jinya ba, kai ma na tabbata kana da naka da ba za ka so mu ji ba. A karatun gida-gida dai ban ga abin da zai hana ka ba. Batun rukunin sirri kuwa, ina ganin ƙanwarmu da ta sakaya sunanta ce ya kamata a fara tambaya. Hajiya, don Allah ki miƙa mata tambayar, mu ji ta bakinta kafin Asabar.